Haƙƙin Bin Sawu: Kason Mai Zane Idan An Sake Sayar da Aikinsa da Matsayin Masu Sana'ar Hannu na Ƙasar Makoɗa

Tsakure

Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta tanadi cewa mai zane ko mai sassaƙa yana da kaso a cikin kuɗin da aka samu duk lokacin da aka sake sayar da ainihin aikinsa a gwanjo ko ta hannun dillali. Wannan tanadi ya haura shekara talatin a rubuce, amma masu fasaha kaɗan ne suka san da zamansa. Muƙalar ta bayyana asalin wannan haƙƙi da yadda ake lissafa shi a ƙasashen da yake aiki, sannan ta auna shi da irin fasahar da ake yi a karkarar Kano, inda ta ɗauki ƙasar Makoɗa a matsayin misali. Ta nuna cewa ko da an fara aiki da dokar gobe, akasarin masu fasahar Hausa za su tsinci kansu a wajenta, saboda an togace kayan amfanin yau da kullum, kuma kasuwa ba ta adana sunan wanda ya yi aikin.

1.0 Gabatarwa

Marubuci da mawaƙi suna cin gajiyar aikinsu ta hanyar yawaita shi. Littafi irin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a ƙarshen shekarun 1930, an yi ta sake buga shi, kuma a ƙa'ida kowane kwafi da aka sayar akwai ladan marubuci a cikinsa. Haka waƙa take duk lokacin da aka sa ta a gidan rediyo. Shi kuwa mai zane abu guda yake fitarwa, kuma darajar aikin tana tattare da wannan abu gudan. Ranar da ya sayar da shi, ranar ya rabu da jarinsa. Yawanci kuma yakan sayar ne tun yana matashi, ba a san shi ba, ga buƙata ta taso. Idan sunansa ya fito daga baya, farashin tsofaffin ayyukansa ya ninka, ribar takan faɗa aljihun wanda ya saya da araha ya ajiye. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan giɓi ne aka ƙirƙiro wani haƙƙi na musamman domin a cike shi. Faransawa suna kiransa da sunan da ke nufin haƙƙin da ke bin abu duk inda ya tafi, don haka a wannan muƙala aka kira shi haƙƙin bin sawu.

2.0 Asalin Haƙƙin

Ƙasar Faransa ce ta fara kafa shi da wata doka a shekarar 1920. Labarin da aka fi jingina dokar da shi shi ne na mai zane Jean-François Millet, wanda ya rasu a 1875. Zanensa mai suna L'Angélus, na wasu manoma biyu da suka tsaya addu'a a gona, ya bar hannunsa a kan kuɗi kaɗan. A 1889 aka yi gwanjonsa a Faris a kan faran 553,000, iyalinsa kuwa ba su ga ko anini ba. A 1948, a taron Brussels, aka shigar da haƙƙin cikin Yarjejeniyar Berne ta kare ayyukan adabi da fasaha, wadda Nijeriya ta shiga a 1993. Sai dai yarjejeniyar ba ta wajabta shi a kan kowace ƙasa ba. Ta bar shi zaɓi, ta kuma ɗora shi a kan ramuwa: mai zane zai iya neman kasonsa a wata ƙasa ne kawai idan dokar ƙasarsa ta amince da haƙƙin, kuma gwargwadon abin da ƙasar da yake nema a cikinta ta yarda da shi. Wannan sharaɗi na ramuwa yana da nauyi ga Nijeriya, domin manyan cinikayyar ayyukan 'yan ƙasar a waje ake yin su.

Ba kowa ne ya karɓe shi ba. A Amurka, wadda ita ce babbar kasuwar zane ta duniya, babu shi a dokar tarayya. A wani gwanjo da aka yi a New York a 1973, an sayar da aikin Robert Rauschenberg mai suna Thaw a kan dala 85,000, alhali mai shi ya saye shi a kan dala 900. Ƙorafin da ya biyo baya ya taimaka wajen sa jihar Kalifoniya ta yi tata dokar a 1976, amma a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta kusan rushe ta gaba ɗaya, bisa hujjar cewa ta ci karo da dokar tarayya.

3.0 Yadda Ake Lissafi

Tarayyar Turai ta daidaita dokokin ƙasashenta da wani umarni a 2001, Birtaniya ta fara aiki da shi a 2006, ta kuma faɗaɗa shi ga magadan masu zanen da suka rasu daga 2012. Ana cire kason ne daga farashin sayarwa, mataki-mataki: kashi 4 cikin 100 na yuro 50,000 na farko, kashi 3 na abin da ya ɗoru har zuwa 200,000, kashi 1 har zuwa 350,000, rabin kashi har zuwa 500,000, sai rubu'in kashi ga abin da ya haura haka. Komai tsadar aikin, kason ba ya wuce yuro 12,500 a ciniki guda. Alal misali, zanen da aka sayar a kan yuro 100,000 zai kawo wa mai shi 2,000 daga rabin farko da 1,500 daga rabi na biyu, jimla 3,500. Haƙƙin yana ɗorewa tsawon ran mai zane da shekara 70 bayan rasuwarsa. Ba a sayar da shi, ba a kuma yafe shi a cikin yarjejeniya, domin da an bar wannan ƙofa a buɗe, kowane mai saye zai sa yafewar ta zama sharaɗin ciniki.

Masu suka suna da hujjoji waɗanda ba na raini ba ne. Sun ce kaso mafi tsoka yana tafiya ne ga magadan shahararrun da ba su da buƙata, kuma ana cire shi ko da mai sayarwa faɗuwa ya yi, tunda daga farashi ake lissafi. Dillalan Landan sun kuma yi hasashen kasuwa za ta gudu zuwa New York ko Suwizalan, inda babu haƙƙin, ko da yake Landan ta ci gaba da zama cikin manyan kasuwannin zane na duniya.

Misalin Ostareliya ya fi kusa da halin da ake ciki a karkarar ƙasar Hausa. Wani mai zane daga cikin 'yan asalin ƙasar, Johnny Warangkula Tjupurrula, ya sayar da wani aiki da ya yi a 1972 a kan dala 150. A shekarar 2000 aka yi gwanjonsa a kan dalar Ostareliya 486,500, shi kuwa ya rasu a 2001 cikin talauci. Dokar da ƙasar ta yi a 2009, wadda ta fara aiki a 2010, ta sa kashi 5 cikin 100 a kan duk sake sayarwar da ta kai dala 1,000, ta kuma ɗora wa wata ƙungiya guda alhakin karɓa da nemo masu haƙƙi. Fiye da rabin waɗanda suka amfana 'yan asalin ƙasar ne, da yawansu mazauna ƙauyuka masu nisa.

4.0 Abin da Dokar Nijeriya Ta Ce

Haƙƙin bin sawu ya shigo Nijeriya a cikin dokar haƙƙin mallaka ta 1988. Ta ce masu zane da masu sassaƙa da masu rubuce-rubucen hannu suna da kason da ba a raba su da shi a cikin kuɗin sayar da ainihin aikinsu a gwanjo ko ta hannun dillali. Sabuwar dokar 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta sake tabbatar da shi a sashe na 17. Dokokin biyu duka ba su faɗi adadin kason ba. Sun bar wa Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa ta fitar da ƙa'idojin aiki, wato nawa za a cire, wa zai karɓa, daga wane farashi za a fara. Tsohuwar dokar ta yi zamaninta ta shuɗe ba tare da tsarin karɓar kason ya kankama ba. Haƙƙin da ba a san adadinsa ba kuwa, babu mai iya kai ƙara a kansa.

A tsawon waɗannan shekaru kasuwar ba ta tsaya jira ba. Ɗaliban da suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya a 1958, a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, ayyukansu sun zama abin nema a gidajen gwanjo na Legas da Landan. A watan Fabrairu na 2018, gidan gwanjo na Bonhams ya sayar da zanen Tutu, wanda Ben Enwonwu ya yi a 1974, a kan fam miliyan 1.2, shekara 24 bayan rasuwarsa. Irin waɗannan masu zane, waɗanda ke aiki a kan ƙyalle ko takarda suna sa hannu a gefe, su ne dokar ta hango. Da zarar ƙa'idojin sun tsaya da ƙafafunsu, su ko magadansu za su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Akwai kuma togaciya guda a cikin sashen wadda ba a cika tsayawa a kanta ba: haƙƙin bai shafi gine-gine ba, bai kuma shafi fasahar da aka yi a jikin kayan amfani ba. A nan ne maganar ta iso ƙasar Hausa.

5.0 Mai Fasaha a Ƙasar Makoɗa

Ƙaramar hukumar Makoɗa, mai hedikwata a Koguna, tana arewacin jihar Kano, maƙwabtaka da Ɗambatta, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 220,000. Tana cikin irin karkarar da masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazari a kanta tun daga shekarun 1960, inda gonaki suke manne da juna, ake noma su kowace shekara ba hutu, jama'a kuma suka yi yawa a kan ƙasa kaɗan. A irin wannan wuri noma kaɗai ba ya riƙe gida. Da an kai amfani rumbu sai a koma sana'ar rani, matan aure kuma suna tasu sana'ar a cikin gida duk shekara. Ɗinkin hula da saƙar faifai da tabarma da zanen ƙwarya da dukanci da zayyanar allo ga mai saukar Alƙur'ani, waɗannan su ne fasahar gani da ido ta irin wannan yanki.

Idan aka lura, kusan babu ɗaya a cikinsu da aka yi domin a rataye a bango a riƙa kallo kawai. Bahaushe ya zuba fasaharsa ne a jikin abin da yake sawa da wanda yake ci a ciki da wanda yake hawa da ɗakin da yake kwana. Matsayin da malamai suka ɗauka game da mutum-mutumi da surar mai rai ya ƙara karkatar da gwaninta zuwa ga dagi da sauran zane-zanen layi da kusurwa. Baje kolin fasahar Hausa da David Heathcote ya shirya a Landan a 1976 ya cika ne da riguna da wanduna da huluna da kayan doki da ƙorai da alluna. Ke nan togaciyar da dokar ta yi wa kayan amfani, wadda a Turai ta ware ɓangare guda na fasaha, a nan kusan gonar gaba ɗaya ta share. Gine-gine ma haka: aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a masallacin Juma'a na Zariya, da adon bangon da magina suka gada, duk suna wajen da'irar.

Ba dole ne a fassara togaciyar da wannan faɗi ba. Umarnin Tarayyar Turai ya ambaci tukwane da kayan gilashi da saƙaƙƙun kayan ado a cikin abubuwan da haƙƙin ya shafa, muddin mai fasahar ne ya yi su da hannunsa ko aka yi su ƙididdigaggu da izininsa. Ma'aunin a can shi ne ko abin aikin hannun mutum guda ne sananne, ko da kuwa ana iya zuba ruwa a cikinsa. Tarihin Ladi Kwali ya isa hujja. Ta koyi ginin tukunya irin na matan Gwari tun tana yarinya, Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tukwanenta a fada, a can Michael Cardew ya gan su, kuma a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da ya buɗe a garin da yanzu ake kira Suleja. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, hotonta yana jikin takardar naira 20, tulunanta kuwa ana cinikinsu da dubban fam a gwanjon Ingila. Tulu kayan amfani ne a kowane gida, amma babu mai hankalin da zai ce tulun Ladi Kwali ba aikin fasaha ba ne.

Abin da ya raba ta da dubban matan da suka yi gini irin nata bai tsaya ga gwaninta ba. Kayan cibiyar suna ɗauke da hatimi mai sunan Abuja da harufan Larabci, nata kuma suna da harufan farko na sunanta. Wannan ɗan tambari shi ne ya sa ake iya bin sawun tukunya daga gidan gwanjo a koma ga mai ita. Mace mai ɗinkin hula a ƙauyen Makoɗa ba ta da makamancinsa. Takan karɓi yadi da zare daga wani ɗan kasuwa, a zana mata fasali, ta shafe makonni tana ɗinki, a biya ta ladan aiki. Hular ta je hannun mai wanki da guga, ta shiga kasuwa a Kano, ta wuce Abuja ko Yamai ko Jidda. A kowane mataki farashi yana hawa, kuma tun daga matakin farko sunanta ya faɗi. Mai saye yakan san sunan samfurin hular, ko zanna ce ko damanga, amma bai taɓa tambayar wadda ta ɗinka ba.

Babbar riga ta fi wannan sarƙaƙiya. Masaƙi ya saƙa, marini ya rina, wani ya zana aska biyu ko aska takwas a jikin yadin, sau da yawa malami ne mai hannun rubutu, maɗinka suka bi zanen da allura, mabugi ya buga ta ta yi sheƙi. Wane ne mai aikin a cikinsu? Dokar haƙƙin mallaka tana neman wanda ya ƙirƙiro, shi kuwa zanen aska gado ne da ya girmi kowa a cikinsu. Dokar Nijeriya tana da wani babi na dabam da ke kare fasahar gargajiya ta al'umma, amma hukuma ce ke riƙe da wannan haƙƙi a madadin jama'a, bai zama kason mutum guda ba.

Inda ƙofa ta ɗan buɗe shi ne wajen rubutu. Dokar ta ambaci rubutun hannu ƙarara, don haka ainihin takardun da mawaƙi irin Sa'adu Zungur ko Mu'azu Haɗeja ya rubuta waƙarsa a kai suna cikin abin da ta rufa. Marubutan Alƙur'ani kuma, irin su Sharif Bala Gabari na Kano wanda rubutunsa ya bazu ta hanyar ɗab'i, suna da al'adar da sauran masu sana'a ba su da ita, ta rubuta suna a ƙarshen aiki. Babu mai da'awar mallakar nassin, amma zayyanar da ke kan rubu'i da hizbi da farkon sura aikin hannun mutum ne, kuma ga sunansa a jiki.

6.0 Dillali da Ciniki da Gado

Dokar ta rataya karɓar kason ne a wuyan gidan gwanjo da dillali, cinikin da mutum biyu suka yi tsakaninsu ba ya ciki. Dillanci kuwa tsohuwar sana'a ce a Kano, tun zamanin da aka kafa Kasuwar Kurmi a mulkin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, kuma cire la'ada daga kuɗin ciniki abu ne da kowa ya saba da shi. Saboda haka tunanin a ware wani kaso daga farashi a miƙa wa wani ba baƙo ba ne. Matsalar ita ce jarin dillali shi ne abin da ya sani wanda mai kaya da mai saye ba su sani ba. Christopher Steiner, a littafinsa na 1994 kan cinikin kayan fasahar Afirka a Abijan, ya nuna yadda fatake, cikinsu har da Hausawa da yawa, suke tsayawa tsakanin masu yin kaya da Turawa masu saye, suna sarrafa labarin da ke wucewa tsakanin ɓangarorin biyu. Masu sayen ma sun fi son abin da ya tsufa wanda ba a san mai shi ba, domin a ganinsu shi ne na asali. A irin wannan kasuwa ɓacewar suna tana ƙara wa kaya kuɗi, dokar kuwa tana neman dillali ya rubuta sunan da ribarsa take cikin ɓoye shi.

Akwai kuma tambayar da duk malamin da aka kai wa maganar a Makoɗa zai fara yi. A fiƙihun Malikiyya ciniki yana mayar da mallaka cikakkiya ga mai saye, to ta yaya wanda ya sayar zai dawo neman kaso? Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamba na 1988, ta zartar cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a take karewa. Wannan ya warware tushen maganar, amma bai ambaci sake sayarwa ba. Masu goyon baya za su ce kason ba sharaɗi ne da mai zane ya gindaya a cikin ciniki ba, tsari ne da hukuma ta ɗora domin maslaha, kuma mai saye ya shiga cinikin da saninsa. Ko malaman Kano za su gamsu da wannan, sai an zauna da su kafin a fitar da ƙa'idoji, domin kason da mai karɓa yake shakkar halaccinsa ba zai je nema ba.

Idan kuma aka bi tsarin Turai, haƙƙin ya ci gaba shekara 70 bayan rasuwa, to ya zama gado. A gidan mai mata biyu ko uku da 'ya'ya goma sha, kason da ya taso shekara arba'in bayan rasuwar mai aikin zai tarar da magada na farko sun rasu, nasu magadan sun watsu. Ƙungiyar da za ta karɓi kuɗin a Legas ko Landan tana buƙatar takardar rabon gado daga kotun shari'a kafin ta san wanda za ta biya. Idan aka sa mafi ƙarancin farashi ya yi sama kamar na Turai, babu hula ko faifan da zai kai shi. Idan aka sauko da shi ƙasa sosai, kuɗin mota daga Koguna zuwa Kano domin karɓar kason zai fi kason yawa.